Ranar da Ya Dafa Ƙasa

Sau ɗaya na taɓa cin rago a kokawa, kuma har yau naman nan yana tsaye mini a maƙogwaro.

A lokacin ina ji da kaina. Duk kaka, da an kai gero rumbu, sai a share fili a Wurno, a kira 'yan kokawa daga Achida, Tursa, har ƙauyukan Goronyo. A shekarar da nake magana, mu biyu muka rage: ni da wani dogon manomin albasa daga gefen Goronyo, wanda ba a taɓa kayarwa ba. Shekara uku ina mafarkin ranar da zan kama ƙugunsa. Doka kuwa kowa ya san ta: hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kayar da kai, ko da iska ce ta ture ka.

Akwai wani abu kuma da kowa ya sani, amma ba mai faɗi. A ranin da ya wuce, wasu manya sun toshe hanyar ruwa da buhunan yashi, suka karkatar da shi zuwa gonakin shinkafarsu. Mutanen da ke can ƙarshen hanya, irin su dogon nan, albasarsu ta bushe suna kallo. Gonar gidanmu tana kusa da bakin ruwa, don haka ni ban ga abin tada hankali ba. Babba a cikin masu toshewar shi ne babban baƙo a ranar, shi ya kawo ragon ma.

Ganga ta ɗauki zafi, na shiga fili ina taƙama, layu har gwiwar hannu. Dogon ya shigo, ko kallona bai yi ba. Ya wuce gaban rumfar manya, ya sunkuya, ya dafa ƙasa da tafin hannunsa. Makaɗa suka tsaya cak.

Na ce, "Kai, mi kaka yi haka?"

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ba ni kokowa gaban wanda yat toshe muna ruwa. Ƙasag ga da nid dahe, ita yak kashe da ƙishi. Ku ba shi ragonai."

Wayyo, ihu! Aka yi ta kiransa matsoraci, ana watsa masa ƙasa. Shugabannin wasa suka ce ya ci mutuncin baƙo, suka hana shi shiga fili har abada. Wani makaɗi ya haɗa masa waƙar zambo kafin la'asar. Ni kuwa aka ɗaga ni sama, aka miƙo mini igiyar ragon, na karɓa. Ba zan yi ƙarya ba, ragon yana da kitse.

Ba zan ce washegari aka kwashe buhunan ba. An ɗauki shekaru ana kai kuka kafin ruwa ya koma hanyarsa. Amma da ya koma, sai labarin ya juya kamar waina a tanda. Yanzu ka zauna a majalisa a Marnona ko Rabah, duk tsohon da ka tambaya zai rantse maka shi ya fara tafa wa dogon. Ni da ke tsakiyar fili ban ji tafi ko ɗaya ba. Makaɗin da ya zambace shi ma, ɗansa ke masa kirari yau. Ni kuma sunana ya koma "wanda ya karɓi ragon". Ko matata, in mun yi saɓani, da shi take rufe mini baki. Abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni kunya, domin na san gaskiyar ruwan nan sarai na yi shiru.

Bara samari suka gayyace mu mu biyu kokawar kaka, a matsayin dattawa. Ya zo yana dogara sanda, furfura fat. Kafin a fara, na miƙe na taka har gabansa, na sunkuya na dafa ƙasa, kowa na gani. Sai tafi ya ɓarke, na gaske wannan karon. Sai dai gwiwata ta ƙi tashi.

Ya yi dariya har da hawaye. "Tashi, tsoho! Ragon dai ka riga ka canye shi."

Ina durƙushe na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. "Don Allah, da mun kama rannan, wa ka kada wani?"

Dariyar ta ɗan ja baya. Ya ce, "Ni ma ban sani ba, aboki. Wannan yah hi yi min ciwo, ba ihun mutane ba."

Ya ajiye sandar, ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna, ya ɗago ni tsaye da jan farko. Shi ne karo na farko da muka taɓa kama juna a fili. Na ji amsar tambayata a riƙon nan, amma ban faɗa masa ba.