Mazarin da Inna Ta Gani a Masar

Ko da zan manta komai na tafiyarmu Masar, ranar da muka shiga gidan adana kayan tarihi ba za ta taɓa fita raina ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Idon Inna, mahaifiyata, ya daɗe da rufewa, har ta ajiye kaɗi, ita da duk garinmu Mandera an san zarenta. Yayana da ke karatu a can ya dage a kawo ta, ni kuma na ɗauki hutu daga aikina a Bodinga na rako ta. Aka yi aiki, aka cire bandeji, amma kullum na tambaye ta sai ta ce, "Dishi-dishi dai nika gani." Likita ya ce mu yi haƙuri. Ni kam hankalina ya tashi, ina tsoron mu koma gida yadda muka zo.

Don ta rage zaman ɗaki na ja ta gidan tarihin, tana ta mita. Ina riƙe da hannunta ina ba ta labarin akwatunan zinariya da manyan gumaka, ita ko a jikinta. "Ke dai kin cika son wahala," in ji ta.

Muna cikin wani ɗaki na ƙananan kaya sai na ji ta zame hannunta daga nawa. Rabon da Inna ta yi taku ba jagora har na manta. Ta nufi wani gilashi kai tsaye, ta duƙa, sai ta tuntsire da dariya.

"Ke, zo ki gani! Wanga ai mazari na! Amma mutanen ga sun kihe shi, gululun na bisa!"

Na leƙa. Wani ɗan siririn itace ne, gululun, wato dunƙulen da ke ba mazari nauyi, yana samansa maimakon ƙasa, da guntun tsohon zare naɗe a jikinsa. Ni da lafiyayyun idanuna na wuce shi ban lura ba.

"Inna, kina ganin sa?"

"Awo mana! Har zaren. Wadda ta kaɗa shi ta iya, babu kumburi ko guda."

Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Turawa suka waiwayo, mai gadi ya taho da sauri, ni kuwa ina kuka ina dariya, ina nuna masa idon Inna. Ban san ko ya gane ba, amma ya yi murmushi ya ƙyale mu. Inna ta harare ni ta ce, "Ji sakarya, za ki sa a kore mu ban gama kallo ba."

Na sha kai ta gaban zinariya ina jira ta ce ta gani, ashe ba nan idonta zai tsaya ba. Tun ranar na gane cewa in kana son sanin mutum ya dawo daidai, ka kai shi gaban abin da ya sani. Muna isa Mandera, kafin ta sha ruwa, ta ce a ɗauko mata audugarta.