Na Ce Mata Bizarta Shekara Biyu Ce

Edita, a taimaka a ba ni fili in sauke wani nauyi da ya daɗe a ƙirjina. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da tara, ina aiki a wani shagon kwamfuta a Lafiya, muna buga takardu muna cike wa mutane fom na makaranta da na biza. Ban taɓa hawa jirgi ba, amma dokokin tafiya a kaina suke, don ni ma burina ke nan. A danginmu duk wanda takardar Turanci ta shige masa duhu wurina yake kawo ta, kuma abin da na faɗa ya zauna. Gaskiya ina jin daɗin wannan matsayin fiye da kima.

Muna da gwaggo da ke aure a wata ƙasa ta Turai. Da aka yi mata aiki a gwiwa, sai ta aiko a tura mata wata daga gida ta yi jinyarta. Ni har na fara taya rigunan sanyi a gwanjo. Kwatsam na ji wai 'yar kawuna ce za ta tafi, wadda na girme ta da shekara shida, ta taso a Agyaragu tana taya uwarta sayar da doya. Hujjar gwaggo wai ita ta fi haƙuri. Abin haushin, ni aka kawo wa fasfonta in cike mata fom. Na cike ina murmushin yaƙe. Biza ta fito, ta ziyara, mai shekara biyu.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, ni kuwa na san shi kamar sunana. Shekara biyun nan wa'adin shiga da fita ne kawai. A kowane zuwa ba a yarda mutum ya wuce wata shida ba. Kuma a ƙasar da ta tafi, mai ziyara ba ya komawa ɗalibi yana can, sai ya dawo gida ya nemi bizar karatu. Da yake an ce jinyar ta 'yan watanni ce, babu wanda ya ta da zancen.

Tana isa hotuna suka fara shigowa wayoyin dangi. Yau ga ta a bakin ruwa, gobe ga ta cikin jirgin ƙasa. Iyayenmu mata sai cewa suke yarinya ta yi fes, mahaifiyata ma ba ta da hira sai tata. Ni kuwa ina nan ina fama da janareta da masu gardamar kuɗin fotokofi. Na daina buɗe hotunan a gaban mutane, sai na keɓe in yi ta ƙare musu kallo ina neman aibu.

A wata na biyar ta turo mini saƙon murya. Ta samu gurbin karatun jinya, mijin gwaggo ya ɗauki nauyi. Ta ce: “Yaya, wata mata a masallaci ta ce wai in dawo gida tukuna kafin wata shida. Ke ne kin san takarda. In dawo ko in zauna?” Sau uku na saurari saƙon. Karatun waje da na yi shekaru ina mafarkinsa, ga shi ya faɗo a cinyar mai sayar da doya. Na danna na ce mata: “Ai bizarki shekara biyu ce, duba fasfonki ki gani.” Ban ƙara komai ba. Na lallashi kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba.

Ta yarda, don a gidanmu ƙarami ba ya ja da babba, balle ni. Ta zauna har wata goma sha ɗaya. Sai da makarantar ta nemi takardunta aka gane ta wuce wa'adi. Ta dawo a gurguje, ta nemi bizar karatu daga nan, aka hana ta saboda ta taka doka, gurbin ya wuce. Kawu ya yi kwanaki ba ya fita kasuwa. Ita kuwa duk wanda ya tambaya sai ta ce ita ce ba ta fahimci takarda ba, ba ta taɓa ambaton sunana ba. Kunya ba za ta hana ni faɗa ba, ranar da ta dawo wani sanyi na ji a raina.

Bayan 'yan watanni ta shigo gari neman makarantar jinya ta nan gida, ta zo shagonmu in cike mata fom. Tana zaune a benci tana jira, wani mutum ya shigo da fasfo yana murna an ba shi bizar wannan ƙasar ta shekara biyu. Bakina ya riga hankalina. Na shiga yi masa bayani tiryan-tiryan yadda na saba, cewa kada lambar ta ruɗe shi, wata shida ne iyakarsa, in ya wuce ya ɓata wa kansa. Sai da na kai ƙarshe na tuna wadda ke bayana. Na juya na gan ta a tsaye, ta riga ta tattara takardunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: “Ashe kin sani, Yaya.”

Na bi ta har Agyaragu na nemi gafara. Ta ce ta yafe, tana gaishe ni a biki da suna, amma ba ta sake kirana a waya ba. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Tawa dai ba taki ta zama ba, gonar ta ƙone, kuma ni ban ƙaru da komai ba. Masu tafiya, ku bambance wa'adin biza da wa'adin zama, ku karanta dokar ƙasar da idonku, kada ku dogara da bakin mutum ɗaya ko da jininku ne. Masu sani kuma ku ji tsoron Allah. Rabin gaskiya na faɗa, kuma da shi na rufe wa 'yar uwata ƙofar karatunta.