Depiten Tungar Maigandi

Duk wanda ya saba bin layin 'yan albasa a kasuwar Malanville ya san Sa'adiya, ko da bai san sunanta ba. Depite ake ce mata, wato 'yar majalisa. Ni Bara'atu, rumfata ta shinkafa tana manne da tata, kuma na gaji da jin masu dako suna mayar da labarinta abin dariya. Gara in faɗe shi yadda na gani.

'Yar Garou ce, aka kawo ta gari wajen gwaggonta don karatu. Tana kusa da gama makaranta wani malami, Mushe Khalidu (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), ya kafa musu majalisar matasa. Wasa ne na koyon siyasa: a jera benci, a raba yara gida biyu, masu mulki da 'yan adawa, kowa ya sa hannu cikin hula ya jawo sunan ƙauyen da zai wakilta. Sa'adiya ta jawo Tungar Maigandi. Mushe baƙo ne daga Parakou, daga wata tsohuwar taswira ya kwaso sunayen. Bai san kogi ya cinye tungar tun kafin a haifi ɗalibansa ba.

Sauran yara suka zauna a inuwa suka ƙirƙiro wa ƙauyukansu matsaloli. Ita kuwa, da taurin kan da har gobe nake fama da shi, sai ta hau kabu-kabu ta tafi ganin mutanenta. Ta tarar da ruwa shimfiɗe, sai wani ɗan tudu da tsamiya ɗaya, ƙarƙashinta makabartar tungar, kogi yana gatsar gefenta. Rana tsaka ce. Wani tsoho yana zaune cikin kwalekwale a gindin tudun, babu taru, babu filafili. Ya gaishe ta da Dendi, sannan ya juya Hausa.

"Mun ji an ba mu depite," in ji shi. "Abu guda muka so, ɗiyata. A maishe da waɗanda ke kwance nan can bisa babban tudu kahin ruwa shi iso."

Ta ce masa za ta kai maganar majalisa. Ba ta tambaye shi wa ya gaya masa ba, sai da ta hau hanya tambayar ta zo mata.

Ranar muhawara ta miƙe ta faɗi bukatar mutanenta. Ana shirin ɗaga hannu hadari ya taso, iska ta yaye kwanon ajin, kowa ya yi ta kansa. Yaron da ke shugabantar zaman bai kaɗa ƙararrawa ba, bai ce an tashi ba. Hutu ya biyo baya, aka yi wa Mushe canjin wurin aiki. Kowa ya manta, ban da ita, domin a wajenta zaman yana nan buɗe kuma ita depite ce har sai an rufe.

Jarrabawa ba ta yi kyau ba. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu, ta kama sana'ar albasa. Kuma duk shekara, da kogi ya fara cika, sai mutanen tungar su zo.

Liman ya ce matattu ba su yawo, kuma ni ban yi masa musu ba. Ban ce matattu ba ne. Abin da na sani, da azahar, kasuwa na ci, sai ka ga wani dattijo ko wata tsohuwa mai koɗaɗɗen zane ta tsaya gaban buhunan Sa'adiya. Ba su taya albasa. Warin laka yana riga su isowa. Su yi magana ƙasa-ƙasa, ita ta amsa da ladabi, su juya su shige cikin mutane. Inda suka tsaya ƙasa takan jiƙe, ni nake zuba yashi a kai don kada danshi ya taɓa mini shinkafa. Sau da yawa na yi niyyar in kalli fuskarsu sosai, sai in tarar ina kallon mudu.

Ba zama ta yi ba. Ta bi ofis-ofis har takalmanta suka san hanya, ana ce mata cikin mutunci babu gari mai wannan suna. Ta nemo jikokin tungar a Madécali da ƙetaren gadar kogi, suka ce tone kabari ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai da malamai da hukuma. Na sha yi mata faɗa. Na ce wasan yara ne, ta ajiye shi ta ji da marayunta. Sai ta ce ita ma ta sani, su ne ba su sani ba.

Bara wata ƙungiyar matasa ta farfaɗo da majalisar, suka gayyaci tsofaffin 'yan wasan don ado. Sa'adiya ta rufe rumfa ranar kasuwa, abin da ba ta yi ba ko da rashin lafiya, ta ɗaura leshinta na biki. Na bi ta don kada a yi mata dariya babu mai rama mata. Aka ba ta dama, ta faɗi abin da ta faɗa tana budurwa.

Wani saurayi mai suna Zahiru ya tashi daga ɓangaren adawa. Yaron ya iya magana, wannan ba zan hana shi ba. Ya kawo batun rijiyoyi, da ɗakin haihuwa, da manoman shinkafa da ambaliya ke kora, ya ce abin da ake da shi bai ishi masu rai ba. Ya rufe da cewa matattu ba su jefa ƙuri'a. Ɗakin ya ɗauki tafi. Aka ɗaga hannu, Sa'adiya ta sha kaye. Yarinyar da ke shugabanci ta kaɗa ƙararrawa ta ce an tashi, aka ba Zahiru kyautar gwanin muhawara.

Muna fita na waiwaya. Bencin baya, wanda ba wanda ya zauna a kai tun safe, a jiƙe yake daga wannan kai zuwa wancan, ruwa na ɗiga kan siminti. Na ja hannunta muka wuce.

Da daminar nan kogi ya tafi da tudun, har tsamiyar. Ba wanda ya ƙara tsayawa gaban buhunanta. Na ɗauka za ta huta, sai ga ta tana ramewa, tana ɗaga kai duk azahar. Tausayinta ya hana ni tsokanarta, ni da ba na raga wa kowa.

Makon jiya, bayan sallar azahar, warin laka ya iso layinmu. Na ɗaga ido sai ga Zahiru. Ya zabge, idanunsa sun faɗa, yana ta waiwaye. Ya durƙusa gaban Sa'adiya, ya ce wasu tsofaffi suna tsayawa a ƙofar ajinsu a makaranta, ba su cewa komai, kallonsa kawai suke.

"Inna, mi za ni ce musu?"

Ta daɗe tana juya albasa ɗaya a hannunta.

"Ni dai, 'za a duba' nika ce musu," in ji ta. "Amma sa'adda nika hwaɗin haka, akwai abin dubawa."

Ya tashi ya tafi. Na ɗauko kwanon yashi na zuba a wurare biyu da suka jiƙe, dama da hagu da inda ya durƙusa.