Irin da Na Tsallaka Iyaka Na Sayo

Har yau ban manta da ranar da na tsuguna a gindin katangar Alhaji Sani a Magama, ina kallon abin da na shuka ba.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Jibiya, ban daɗe da dawowa daga kwas na tsara lambun gida ba, kaina ya kumbura. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, akwai tsiron da muke cewa marufin ƙasa. Ba ya tashi sama, yaɗo yake yi ya lulluɓe wuri, ya riƙe rairayi don kada ruwan sama ya kwashe shi.

Alhaji Sani fataucin wake yake yi tsakanin Jibiya da Maraɗi. Gidansa a kan gangare yake, ƙasar rairayi zalla. Ya roƙi shugaban sashenmu a turo mai gyara masa lambu, aka tura ni ana gab da faɗuwar damina. Na auna wuri, na yi zane, shugaba ya sa hannu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Sai dai wata ciyawa mai kaurin ganye da jan kara ta mamaye gindin katangar, ta ɓata mini zane. Na sa lebura biyu suka hau tuge ta.

Mahaifiyar Alhaji, Inna Tabawa, tana zaune kan tabarma tana tsintar wake. Ta ce, "Ɗan nan, halshen saniyar kake cirewa? Da gangan na bar shi."

Na ce, "Inna, ai ciyawar bola ce. Na zamani zan kawo miki."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da tsintarta.

Washegari na hau mota sai Maraɗi, don an ce mini can ake samun irin ƙasar waje. Mai shago ya miƙo mini ƙulli, rubutun Faransanci a jiki, babu hoto. Ya ce, "Furfiye ke nan, Malam. Ba ya tsoron fari, nan da nan yake rufe ƙasa." Sunan kaɗai ya tafi da ni.

A kan iyaka, duk irin shuka sai jami'in duba tsirrai ya gani kafin ya shigo. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, baƙi ƙanana kamar yashi, ya ce, "Me ake ce masa da Hausa?"

Na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba shi da sunan Hausa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya buga hatimi.

Na dawo na shuka shi a gindin katangar. Kwana huɗu da shuka aka sheƙa ruwan farko da la'asar. Da yake babu abin da ke riƙe da ƙasar, ruwa ya haƙe gindin katanga, kusurwa guda ta zube. Awakin maƙwabta suka shiga suka cinye dashen mangwaron Alhaji ƙarƙaf. Na ba shi haƙuri, na ce ya jira furfiye ya fito, zai ga aiki.

Bayan mako biyu ya aika a kira ni. Irin ya tsiro a inda ruwa ya tara shi. Na tsuguna na duba: ganye mai kauri, kara ja. Na juya shi, na sake juyawa, ko zai canza. Inna Tabawa ta dogaro sanda ta leƙo ta kafaɗata.

Ta ce, "Halshen saniya ne, ɗan nan. Sai dai wanga da fasfo ya shigo."

Leburori suka faɗi ƙasa don dariya. Alhaji bai yi ba.

A ofis shugaba ya karanta rahotona har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Kwas ɗin da ka je, sun ce kada a saurari tsofaffi?" Ya sa na koma na yi mako guda ina miƙa wa magina tubali. Da aka tayar da katangar, Inna ce ta riƙa nuna mini da sanda inda zan dasa halshen saniyar, ina cewa to. Kafin tsakiyar damina wurin ya rufe shar, ko rairayi ba ya fita.

Daga nan na san cewa a aikin nan mai gida ya riga ka sanin ƙasarsa, kuma ciyawar da ka tarar an bari, akwai dalili. Ku tambaya kafin ku sa fartanya. Ni da ban tambaya ba, yanzu na yi ritaya, ga jikoki, amma in na ratsa tashar Magama har gobe direbobi Malam Furfiye suke kirana, kuma ina amsawa.