Sil Ɗin da Baba Ɗumi Ya Bar Mini a Aljihu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsakiyar cike wa wata baiwar Allah haƙori, wayata ta yi ta ruri a aljihun rigar aiki. Sai da na sallame ta na duba, na ga 'yarka ce, Baba Ɗumi, wadda duk muke kira Injiniya. Na kira ta, ta ce, "Likita, Baba ya cika." Ta ce ka karya kumallo, ka ce a miƙo maka hula za ka leƙa gareji, ka jingina da kujera kana jira, shi ke nan. Shekarunka saba'in da huɗu, hamsin daga ciki kanka na cikin bonet.

Baba, ni ba marubuci ba ne, hannuna ya fi sabawa da bakin mutane. Amma akwai maganar da muka ajiye za mu ƙarasa ranar Laraba, ka riga ni da kwana ɗaya, don haka dole in faɗe ta a nan.

Ga wanda bai san ka ba, Baba Ɗumi ake ce maka, domin ba a taɓa tayar da mota a garejinka an taka totur ba tare da ka ɗaga hannu ka ce a bari ta yi ɗumi ba. Kai ne bakaniken da ya san injin da ba shi da fistin, wanda ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Sauran bakanikai in sun buɗe bonet sun gan shi, sai su rufe su ce maigidansu ba ya nan.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka jawo mini motata da igiya zuwa wurinka, 'yar ƙarama mai ƙofa biyu, shuɗiya, wadda matata ke kira asibitin da ba a sallama. Gareji uku sun riga sun yanke mata hukunci, wai a cire injin a dasa na fistin kowa ya huta. Kai ko sifana ba ka ɗauka ba. Ka tambaye ni abin da na yi da safe, na ce na tayar da ita ne kawai na fito da ita ƙofar gida na kashe. Ka dube ni irin kallon da nake yi wa mai shan alewa. Ka cire fulogi ka busar, ka ce irin wannan inji in an kashe shi da sanyinsa mai ne ke shaƙe shi, ba mutuwa ya yi ba, haƙurina ne ya mutu. Na ji haushi ƙwarai. Da ta tashi, haushin ya bi hayaƙi.

Na rama kuwa. Ranar da ciwon haƙori ya kawo ka kujerata, kai da ba ka tsoron injin da ke tafasa, sai ga ka kana riƙe hannun kujera kana salati tun ban ɗauki komai ba. Na yi maka allura, ka ce in yi sauri in cire, na ɗaga hannu na ce a bari ta yi ɗumi. Da rabin baki ka yi dariya, kuma shekara guda kana ba mutane labarin, kana ƙara masa gishiri.

Bara injin ya gaji. Ka sauke shi ka baje a kan teburin ƙarfen nan na kusa da taga, kowane ƙusa a cikin murfin gwangwaninsa. Lokacin hannunka ya fara rawa, kowa ya gani. Mako biyar kana haɗa shi, Injiniya na gefenka, ita da ta shekara ashirin tana aiki da kai, har 'ya'yanta sun girma da ƙanshin baƙin mai. Ranar da ya tashi ka goge hannu ka ce mini wannan ne na ƙarshe da za ka haɗa. Na ce haba Baba, ka ce haba me.

To ni da aka ba wannan amana, me na yi da ita? Gaskiya zan faɗa, tunda ba ka son kwana-kwana. A filin tseren motoci na bayan gari, mijin ƙanwata ya wuce ni da motar kai yara makaranta, har yana ɗaga mini hannu. Abin ya ƙona mini rai. Ban shawarci kowa ba na sayo sufacaja, na'urar nan da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya don ya ƙara gudu, na kawo maka ita a kwali ina murmushi kamar na kawo abin arziki.

Ba ka yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ka zaunar da ni ka ce iska in ta ƙaru sai mai ya ƙaru, zafi ma ya ƙaru, kuma wannan inji da ma da zafinsa aka haife shi. Ka ce a bakin kowace kusurwa ta ƙarfen nan mai juyawa akwai siririn ƙarfe da ake kira sil, shi ke tare iska. In mai ya gaza na ƙiftawar ido ana cikin gudu, sil ɗin zai karye, ya bi cikin injin yana yanka, sai dai a tattara. Na tambaye ka a saka ko kada a saka. Maimakon amsa, ka jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur, cike da karyayyun sil, ka zaɓi ɗaya ka ɗora mini a tafin hannu.

"Sa shi a aljihu kwana bakwai," ka ce. "Duk wandon da ka sa, ya bi ka. Laraba mai zuwa ka dawo ka gaya mini abin da ka yanke."

Na ɗauka rigimar tsufa ce. Amma ɗan ƙarfen nan bai bar ni na sake ba. In na zauna ya soke ni, in na nemi makulli shi hannuna ke fara taɓawa. Matata ta tsince shi wajen wanki ta tambaya ko haƙorin wani na sato. A kwana na uku na lura idona ya koma kan allurar zafi, ya bar ta gudu. A na huɗu na tsaya a gefen hanya ina sauraron injin, ina tuna hannunka yana rawa a kansa, kunya ta rufe ni. Na yanke cewa na fasa, mijin ƙanwata ya yi ta wuce ni har ya gaji. Na ƙagu Laraba ta zo in gaya maka. A kwana na shida ka tafi.

Bayan rasuwarka shawarar ta ƙara ƙarfi. Na ce injin ƙarshe da Baba ya haɗa, ko ƙusa ɗaya ba za a kwance ba. Da aka kwana goma na je gareji da safe don in ɗauke kwalin sufacajata in mayar da sil. Na tarar da Injiniya ita kaɗai, kujerarka tana inda take. Na yi mata gaisuwa, na ce Allah ya sani na fasa tun kafin rasuwa, ban samu na faɗa maka ba ne.

Ta tashi ta buɗe kabad ɗinka. Ga sabon lagireto mai faɗi, ga bututun mai masu girma, ga ƙarfen da za a ɗaure na'urar a kai, yankakke, gogagge, da alamun zartonka a jikinsa. A cikin kwana shidan nan ka yi su, da hannun da ka ce ya gama aiki. Ta ce wannan ita ce dokarka tun tana yarinya: wanda ya dawo ranar bakwai yana cewa a saka masa ko ta halin ƙaƙa, kana karɓe sil ɗinka ka nuna masa hanyar wani gareji. Wanda ya dawo da tsoro ya ce ya fasa, shi kake saka wa, domin shi ne zai riƙa duba zafi kafin ya duba gudu. A shekara hamsin mutum huɗu suka samu. Ta ce ka gaya mata Likita zai dawo a tsorace, a shirya masa kaya.

Na zauna a kan taya na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Ni da nake ganin ka ɗauke ni mai rawar kai, ashe ka san ni fiye da yadda na san kaina. Duk da haka na ce mata, "Injiniya, in ya fashe fa? Babu wani na Baba bayan wannan."

Ta ce, "In ya fashe ni zan haɗa shi. Wa kake zaton ya riƙe masa hannu bara?"

Na miƙa mata makulli. Na so in jefa sil ɗin a gwangwani, ta hana ni, ta ce wanda aka saka wa ba ya mayarwa.

Jiya da safe ta gama. Ta murɗa makulli, injin ya tashi da wata sabuwar murya, siririn fito a kan tsohon gurnaninsa. Ƙafata ta yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye maka ba. Amma daga ni har ita babu wanda ya motsa. Mun tsaya muna kallon allurar zafi tana hawa a hankali, hannuna a aljihu, har ta kai inda kake sauke hannunka. Ban yi shakkar abin da muka yi ba, kuma ba zan yi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, uwargidanka, wadda ta yi haƙuri da rigunan da sabulu ya gaza, da Injiniya da ƙannenta, da jikoki, da dukan masu irin wannan mota da yanzu suka san inda za su je, domin garejin yana buɗe. Allah ya ba ku haƙuri, ya riƙa muku.

Ya Allah, bawanka ya rasu yana jiran hularsa don ya tafi aiki. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Bai taɓa gaggawar yanke wa wani hukunci ba, ka sassauta masa hisabi. Ka sanya Aljannar Firdausi makomarsa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Baba, ka ce in dawo in gaya maka abin da na yanke. Na fasa, kamar yadda ka sani, kuma an saka, kamar yadda ka shirya. Allah ya jiƙan ka.