Ɗan Kunnen Mahaifiyata a Cikin Yashi

Akwai wata safiyar damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo a Jos, 'yata kuwa shekararta shida.

Ranar Lahadi ce, daga wajen suna muka biya filin wasan yara. A kunnenta akwai 'yan kunnen zinare na marigayiya mahaifiyata, abu ɗaya tak da ya rage mini nata. Sai da muka isa gida na ga kunnen hagu babu komai. Na yi mata faɗan da ya fi ƙarfin shekarunta, ta kwanta ba ta ci abinci ba.

Washegari da sassafe na roƙi mai gadin wurin aikinmu ya ara mini na'urar da yake bincikar mutane da ita a ƙofa, wadda ke ƙara idan ta ji ƙarfe. Ya ba ni ta ajiya, ya ce in dawo da ita kafin oga ya iso. Na ɗauki yarinyar muka tafi.

An yi ruwa da asuba. Gajimare ya sauko har kan duwatsu, filin ya yi tsit, lilo yana ɗigar ruwa, kamar wurin bai gama farkawa ba. Na durƙusa ƙarƙashin lilon ina kaɗa na'urar. Ta yi ƙara, na tona, murfin kwalbar lemo. Ta sake, na tona, ƙusa. Kusa da ƙafafun lilon kuwa kuka take ba ƙaƙƙautawa.

Wani dattijo mai sharar filin ya jingina da tsintsiyarsa yana kallona.

"Madam, ɓarawo kike nema a cikin yashi?"

Na ce, "Baba, da ɓarawo ne da da sauƙi." Na gaya masa abin da ya ɓata.

Ashe a haƙar kuza ya yi ƙuruciyarsa. Ya ce in nisanci ƙarfen lilon, in sauke na'urar daf da yashi, in riƙa tafiya da ita a hankali. Ya ja layuka da kan tsintsiya, ya raba wurin gida-gida don kada in maimaita inda na duba. Sannan ya ce abin da ya faɗo daga kan lilo ba a ƙarƙashinsa yake sauka ba, cilli yake yi.

"Yaya take lilon? Tana zuwa sama sosai, ko kaɗan-kaɗan?"

Ni da ke karanta labaran duniya ba tuntuɓe, ban san yadda 'yata take lilo ba. Jiya ina kan benci, idona a waya, ina gyaran rubutun aiki. Na tuna ta kira ni sau biyu, na amsa ban ɗago ba.

Dattijon ya goge kujerar lilon da hannun rigarsa, ya ce, "Zo, jikata, hau mu gani."

Ta dube ni a tsorace, na gyaɗa kai. Da farko a hankali ta fara. Can sai ta miƙe ƙafafu, ta yi sama har takalmanta suka shiga farin gajimaren, ta dawo, ta sake tafiya. Duk lokacin da ta kai ƙarshe sai ta lumshe ido, ta jefa kai baya, kunnen hagu ya goga sarƙar. Babu abin da ake ji sai kukan sarƙar da ɗigar ruwa. Na tsaya da na'ura a hannu, na manta abin da ya kawo ni.

Dattijon ne ya taka gaba, nesa da inda na yi ta tono, ya nuna wani gida a cikin layukansa. Na bi shi a hankali kamar yadda ya koya mini. Na'urar ta yi 'yar gajeriyar ƙara. Ya hana ni tonawa da yatsa, ya ce zan ƙara nutsar da shi. Ya kwashi yashin a tasa, ya zuba ruwa daga duro, ya shiga juyawa irin na wankin kuza. Yashi mara nauyi yana bin ruwa yana zubewa, har ya rage baƙin gari a gindin tasar. A tsakiyarsa ga ɗan kunnen mahaifiyata.

Na yi masa godiya. Yarinyar ta tambaya a hankali ko za ta ƙara hawa sau ɗaya. Na ce ta hau, na zauna a jiƙaƙƙen benci na kalle ta har ta gaji.

Abin da na koya ran nan shi ne, abin da ya faɗi a yashi ana iya samunsa idan an bi a hankali. Amma lokacin da yaro ya ce a kalle shi, idan ya wuce, babu na'urar da za ta nemo shi.