Firjin da Na Kai Kurfi

Ba don shan ruwan sanyi na kai firji gidanmu na Kurfi ba. Shekarar da ciwon suga ya daina jin ƙwayoyi a jikin Baba, likita ya mayar da shi kan allura safe da yamma, ya kuma ja mana kunne cewa ruwan allurar ba ya son zafi. Ni ina koyarwa a Dutsin-Ma, gida kuwa daga Baba sai Inna, sauran duk aure da neman abinci sun watsa mu. Sai na sayi madaidaicin firji, irin mai ɗan gidan ƙanƙara a sama, aka ɗora shi a bayan akori-kura. Tun daga tasha har ƙofar gida ina yi wa direban masifa kada ya kuskura ya kwantar mini da shi. An san ni da baki a gidanmu, ban kuma taɓa musu ba.

Ranar da aka jona shi, da hannuna na jera 'yan kwalaben maganin a jikin ƙofa, inda ake sa ƙwai. Na ce wa Inna nan ne wurinsu. Ta ce to. Wanda bai san Inna ba sai ya ɗauka "to" ɗinta yarda ce, alhali sau da yawa ma'anarta ta ji ne kawai.

Inna ba ta yarda kowa ya taɓa abin Baba. Butarsa, kwanon tuwonsa, hulunansa, duk a hannunta suke tun kafin a haife ni. Maganin ma sai ya shiga cikinsu. Duk wata in na sayo sabo, nakan zuba ƙanƙara a 'yar kula in tsoma kwalaben saboda zafin hanya, ita kuma tun a tsakar gida za ta karɓe kular ta shige ɗaki. In lokacin allura ya yi ita ke miƙa masa, shi ya yi wa kansa. Na ji daɗin tsarin, har ina yi wa ƙannena alfahari a waya cewa na gama da matsalar Baba.

Ba a daɗe ba Baba ya fara ramewa. Rigunansa suka yi masa yawa, ƙishirwa ba ta barinsa, buta kuma ba ta hutawa. In na gwada jininsa da 'yar na'urar gwajin suga, sai in ga sugan ya hau can sama. Da damina ta sauka ƙaya ta soke shi a babban yatsan ƙafa, a gonarsa ta hanyar Ɗantutture. Ɗan ciwon da a da ko kallo ba zai ishe shi ba, sai ya zauna ya ƙi warkewa.

Baba na fara tuhuma. Na ce lallai yana satar shayi mai sukari a majalisa, ko ana kawo masa rake a ɓoye. Ya dube ni ya ce, "Ke dai ba ki rabo da rigima. Ni da na bar zuma, rake zan sata?" Da na rasa abin kamawa a jikinsa, sai na juya kan firjin. Wutar garinmu ai kowa ya san halinta, a kawo da hantsi a ɗauke kafin azahar, wani lokaci a manta da mu kwana da kwanaki. Na yanke hukunci cewa zafi ke lalata maganin.

Na ɗauko mai gyaran firji daga Dutsin-Ma. Kafin ya shigo, Inna ta kwashe abin da take kira kayan Malam ta rufe da zane ta kai ƙurya, wai baƙo ba ya ganin maganin mai gida. Mutumin ya tarar an manna firjin da bango, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado har baya, an kuma jera masa kwanukan samira a ka kamar ɗakin amarya. Ya janye shi daga bango don ya sha iska, ya goge ƙura da yanar gizo daga baƙaƙen bututun baya. Robar ƙofa ta saki, ya canza ta. Ya ce kada a riƙa sa abinci da zafinsa, kada kuma a sa wuƙa a ɓamɓare ƙanƙara, bututun gas na nan kusa. Bayan ya tafi na murɗa abin saita sanyin har ƙarshe.

Sugan bai sauka ba. Na sake kiran mai gyara, na yi masa tatas a gaban mutane, na ce aikin banza ya yi mini. Bawan Allah ya duba gas, ya saurari ƙarar injin, ya ce lafiyar firjin ƙalau. Ban yarda ba. Na tayar wa ƙannena da hankali har muka haɗu muka sa sola da batir, don kada firjin ya sake mutuwa ko an ɗauke wuta. Daga nan kam ya yi aiki har da ƙari. Kifin madatsar ruwa ta Zobe da nake kai musu yakan daskare ya yi tauri kamar itace, ƙullin zoɓo kuwa sai an jiƙa shi a ruwa kafin ya shawu. Ni kuma ina ta murna.

Wata ranar Asabar na kwance ƙyallen ƙafar Baba, na tarar yatsan ya yi baƙi. Warin da ya buge ni har yau ban manta shi ba. A ranar muka kai shi asibiti a Dutsin-Ma, ba su kuma ɓata lokaci ba, suka ce sai an cire yatsan in ana son a tsira da ƙafar. Aka cire. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadon, ta ce ba inda za ta.

Abin da ya ba likitan mamaki shi ne, irin maganin da muke yi a gida shi suke yi masa, ba ƙari ba ragi, amma a asibiti sugan ya sauko tamkar an ja shi da igiya. Ya kira ni gefe ya tambaye ni yadda muke ajiye namu. Ya ce zafi na kashe shi, daskarewa ma na kashe shi, in ya yi ƙanƙara ko sau ɗaya to ya zama ruwa kawai, ko da ya narke ya koma kamar da. Na ce masa namu a jikin ƙofa yake, ni na jera shi da kaina. Har da ɗan ɗaga murya na faɗa, don na ji kamar yana raina mini hankali.

Washegari da rana na tafi Kurfi ɗauko musu kayan sawa. Inna ta ce in fitar da kifin da ke firji in ba maƙwabta, tunda ba ranar dawowa. Na buɗe ƙofa, idona ya kai wurin ƙwai, ban ga kwalba ko ɗaya ba. Na ce ko ta tafi da su asibiti ne. Ƙofar gidan ƙanƙara kuwa ta ƙi buɗuwa, ƙanƙara ta cika ta toshe ta. Na kashe firjin, na dafa ruwa na sa a kwano a ciki, na zauna ina jira ina tsaki. Can ƙanƙarar ta fara saki tana faɗowa. Na zaro kifi, na zaro ƙullin zoɓo. A can ƙurya na hango ƙaramin kwanon samira mai murfi, an naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta.

Na buɗe murfin. Ruwa ne aka cika kwanon da shi ya daskare, ga kwalaben Baba a tsaye a cikin ƙanƙarar, an jera su reras, kawunansu kaɗai ke waje. Wadda ake cikin amfani da ita tana kwance a sama, ita ma ta yi fari fat. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa cikin ruwan da ya malale ba. Salati kawai nake yi. Robar da aka canza, solar da muka sa, sanyin da na murɗa har ƙarshe, duk gyaran da na yi ta haƙilo a kai ashe ƙara daskarar da maganin yake yi. Na tsorata ƙwarai.

Na ɗauki kwanon na shiga mota da shi a cinya. Kafin mu kai Dutsin-Ma ya narke ya jiƙa mini zane. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa Inna, kuma ba mai daɗi ba ne.

Na same ta zaune a tabarma tana yi wa Baba fifita, shi idonsa a rufe. Na ajiye kwanon a gabanta.

"Inna, mi ye wannan?"

Ta zabura. "Subhanallahi! Wa ya ce ki hiddo shi? Ga shi duk kin narkar mashi da magani."

"Na ce maki a jikin ƙofa ake ajiyewa."

"Na ji kin ce. Amma satin farko da aka ɗauke wuta na taɓa su na ji sun yi ɗumi, ranar ko barci ban yi ba. Na duba na ga duk abin da ke cikin firjin ga, ƙanƙara kaɗai ke jure rashin wuta. Shi ne na yi masu wurinsu." Ta ɗago ta dube ni. "Ke ma ba cikin ƙanƙara kike kawo mani shi ba?"

Gaskiya ta faɗa, haka nake kawo shi. Ita kuwa ta ci gaba, har da ɗan jin daɗin dabararta. Wai kullum kafin lokacin allura takan ɗauko kwalbar ta damƙe a tafin hannu, ta sa cikin zane har ta narke ta yi ɗumi, don kada sanyi ya shiga jikin Malam. Wata da watanni tana haka, safe da yamma, yatsunta na ƙagewa don sanyi, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Faɗan da na ƙunso daga Kurfi ya bi iska. A hankali na maimaita mata abin da likita ya ce. Na ga maganar tana shigarta kaɗan-kaɗan. Maficin ya tsaya a hannunta. Ta juya ta dubi ƙafar Baba da ke naɗe da bandeji, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ashe ni ce. Ni na yanke mashi yatsa." Baba bai buɗe ido ba, amma na san ya ji.

Da aka sallame mu na bi su Kurfi da sabon magani. Na mayar da abin saita sanyi tsakiya, na jera kwalaben a wurin ƙwai. A raina na gama shirya cewa daga yau sai dai wani ya riƙa kula da maganin, ko in ɗauke Baba ya koma wurina. Inna ma ba ta ko kusanci firjin ba. Tana can bakin ƙofa, hannuwanta cikin mayafi, kamar baƙuwa a ɗakinta.

Bayan la'asar lokacin allura ya yi. Na ɗauko kwalba na miƙa wa Baba. Bai miƙo hannu ba.

"Maida ta inda kika ɗauko," in ji shi. "Ba ke ke kawo mani ba."

"Baba, ai ni ma…"

"Na ce ki maida."

Na mayar, na rufe firjin. Ya gyara zama, ya juya wajen ƙofa.

"Hajiya, lokaci ya yi fa. Ke nike jira."

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta taho, ta buɗe firjin, ta ɗauko kwalbar daga wurin ƙwai. Ta damƙe ta a tafin hannu yadda ta saba, ko da yake babu abin da zai narke. Baba bai ce mata ta yi sauri ba, ya zauna yana jira har ta miƙo masa.